Sanyi ne ko tsargiya? Darasin da ya kamata waya ta fara kai wa matasan bakin Kogin Haɗejiya

Idan ka buɗe TikTok ko Facebook ka nemi "maganin sanyi", abin da za ka gani sai ya ishe ka. Ga mai saiwoyi, ga mai tsumi, ga mai kwalba da rubutun Larabci a jiki, kowa na rantsuwa nasa ne sadidan. Alamomin da suke lissafawa kuma kusan iri ɗaya ne: ƙaiƙayin gaba, fitar farin ruwa, ciwon mara, jin zafi lokacin saduwar aure, ɗigon jini ba a lokacin al'ada ba. Ba ƙarya suka yi ba a nan, mata da yawa na fama da waɗannan abubuwa, shi ya sa kasuwar take ci. Amma akwai tambaya guda da da wuya ka ji wani daga cikinsu ya yi: "A ina kike wanki? Kin taɓa shiga ruwan kogi, ko fadama, ko kwatar noman rani?"

Ga yarinyar da ta taso a Auyo, ko Guri, ko Kirikasamma, ko a unguwannin gefen garin Haɗejiya da ke kallon kogi, wannan tambaya ta fi duk jerin alamomin nan muhimmanci. Dalili kuwa shi ne tsargiya. Abin da nake so ka fita da shi daga wannan rubutu ke nan: duk wanda zai yi amfani da waya ya koya wa matasan wannan yanki lafiyar jikinsu da ta haihuwa, to daga ruwa ya kamata ya fara.

Tsargiya dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, sai dai sanin da aka yi mata na yara maza ne. Yaro ya yi ta iyo a kududdufi, bayan 'yan watanni a ga jini a ƙarshen fitsarinsa. A wasu garuruwan ma ba a ɗauke ta cuta ba, cewa ake alamar balaga ce, yaro ya fara zama namiji. Ba mu kaɗai ne muka yi mata wannan fassara ba, an rubuta irinta a Masar, ƙasar da wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya fara gano tsutsar a 1851 a birnin Alƙahira. Daga sunansa ne aka samo kalmar bilharziya da ake ji a asibiti.

Yadda take shiga jiki

Tsutsar da ke kawo fitsarin jini, sunanta a kimiyyance Schistosoma haematobium. Rayuwarta zagaye ce tsakanin mutum da wata 'yar ƙaramar katantanwa ta ruwan daɗi, wadda ake kira Bulinus, da ba ta kai girman farcen babban yatsa ba. Mai ɗauke da cutar ya yi fitsari a ruwa ko a bakin ruwa, ƙwayayen tsutsar su fito tare da fitsarin, su ƙyanƙyashe. Abin da ya fito daga cikin ƙwan yana da 'yan sa'o'i ne kawai ya sami katantanwar, in bai samu ba ya mutu. In ya samu, sai ya shige jikinta ya yi ta ninka kansa. Bayan wata guda zuwa mako shida, katantanwa ɗaya za ta fara sakin ɗaruruwa har dubban 'ya'yan tsutsa masu wutsiya, waɗanda ido ba ya iya gani sosai.

Su ne ke shiga mutum, kuma ba sai ka sha ruwan ba. Ta fata suke hudawa, cikin 'yan mintoci, ko wanka kake, ko dashen shinkafa, ko jan koma, ko wanke-wanke da ƙafa a cikin ruwa. Daga nan su bi jini, su girma a jijiyoyin hanta, mace da namiji su haɗu su manne da juna, sannan su gangaro jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara da sauran kayan ƙugu. A nan suke zama, yawanci shekara uku zuwa biyar, wasu ma su fi haka nesa ba kusa ba, macen tana zuba ɗaruruwan ƙwayaye kowace rana.

To ga inda gizo ke saƙar. Ba tsutsar ce ke yin ɓarnar ba, ƙwayayen ne. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini a ƙarshensa, kuma burinsa ya ratsa bangon mafitsara ya faɗa cikin fitsari. Waɗanda suka ratsa, su ne ke kawo jinin da ake gani. Amma kaso mai yawa ba sa fita, maƙalewa suke a cikin tsoka, jiki ya taso musu da kumburi, ya kewaye su, daga baya wurin ya zama tabo mai tauri. Shekara da shekaru ana haka, mafitsara na iya lalacewa, ƙoda ta taɓu, kuma hukumar binciken kansa ta duniya ta daɗe da sanya wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansar mafitsara.

Yanzu ka tuna cewa jijiyoyin jinin ƙugu a haɗe suke da juna. A jikin mace, hanyar da ta kai mafitsara ita ce ta kai farji, da bakin mahaifa, da mahaifar kanta, da bututun da ƙwai ke bi. Saboda haka ƙwayayen tsutsar sukan maƙale a can ma. Likitan da ya duba bakin mahaifa da na'ura zai iya ganin wasu tabbai masu launin rawaya kamar an watsa yashi, ko jijiyoyin jini da suka karkace, waɗanda da an ɗan taɓa sai jini. Ita kuwa mai ciwon, abin da take ji shi ne ƙaiƙayi, fitar ruwa, ciwon mara, zafi ko jini bayan saduwa. Koma ka duba jerin masu maganin sanyi a sama. Shi ne dai, babu ragi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata da 'yan mata kimanin miliyan 56 ne ke ɗauke da wannan nau'i na tsargiya a Afirka kudu da Sahara, kuma Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu tsargiya a duniya. In ta daɗe ba magani, tana iya toshe bututun mahaifa, ta jawo rashin haihuwa, ko ɓari, ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda kan iya kashe mace in ba a yi aiki da gaggawa ba. Wani bincike da aka buga a 2006 daga ƙauyukan Zimbabuwe ya gano cewa matan da ke da irin waɗannan tabbai sun ninka sauran kusan sau uku wajen kasancewa da cutar HIV, an kuma sami makamancin haka a Tanzaniya. Wannan bai tabbatar da cewa tsargiyar ce sanadi kai tsaye ba, amma hankali ya ɗauka: fatar da ke da gyambo ta fi sauƙin ba ƙwayar cuta hanya.

Me ya sa Haɗejiya

Katantanwar nan tana son ruwa mai tafiya a hankali ko tsayayye, mai ciyayi da za ta maƙale. In ruwa ya janye, tana iya nutsewa cikin laka ta yi watanni tana jiran damina. Wanda ya san ƙasar Haɗejiya ya san an zana masa gida.

Kogin Haɗejiya haɗuwar Kogin Kano ne da Kogin Challawa, kuma duka biyun an datse su: madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Kafin nan kogin kan cika da damina ya malale fadamu, da rani ya ja baya har wasu wurare su bushe ƙayau. Bayan madatsun, sai ruwa ya zama yana gangarowa kusan duk shekara, kaɗan-kaɗan. Laka ta taru, ciyawar kacala ta sami wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa daga nan har dausayin Haɗejiya da Nguru, abin da manoma da masunta suka shafe shekaru suna kuka da shi. Ga kuma hanyoyin ruwa na aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a Auyo, wanda aka gyara aka ƙaddamar a farkon 2023. Ba ina cewa madatsa ko noman rani abin ƙi ba ne, shinkafa da alkamar da ake ci daga nan suke fitowa, kuma da su dubban gidaje ke rufa wa kansu asiri. Amma tarihi ya nuna abin da ke biyo bayan irin waɗannan ayyuka in ba a shirya ba. A Ghana, bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, fitsarin jini ya mamaye ƙauyukan bakin Tafkin Volta, har a wasu yawancin yara sun kamu. A Senegal ma, bayan madatsar Diama a 1986, garin Richard Toll ya ga annobar tsargiyar hanji da bai taɓa sani ba.

Sai kuma batun inda mutane ke zaune. Unguwannin da suka tsiro a gefen gari ba tare da awo ba, bukkokin masunta, zangon 'yan ƙwadagon shinkafa da ke zuwa lokacin dashe da girbi, da waɗanda ambaliyar 2020 da ta 2022 ta kora zuwa makarantu da bakin titi, duk abu biyu ne suka haɗa su: ƙarancin famfo da ƙarancin masai. Inda babu famfo, kogi ne wurin wanki da wanka. Inda babu masai, kogin ne dai ke karɓar fitsari. Zagayen tsutsa ya cika ke nan.

An bar jaki ana dukan taiki

Ka ɗauka yarinya 'yar shekara 14 ta fara ganin ruwa mai ƙaiƙayi. Ba ta san namiji ba. Wa za ta gaya wa? In ta gaya wa uwarta, ana iya cewa sanyi ne ta ɗauka a masai, a jiƙa mata saiwa. In ta yi rashin sa'a, a fara yi mata kallon tuhuma. In amarya ce kuma, miji ya ga jini ko ta riƙa kukan zafi, zargi na iya shiga tun kafin lalle ya goge. Bayan shekara uku ba haihuwa, a fara zancen kishiya. Duk wannan a kan tsutsar da ta shige ta tana 'yar shekara takwas, tana wanke kwanuka a bakin ruwa.

Ko asibiti ta je, ba lallai a gane ba. A ƙananan asibitocinmu, inda babu ɗakin gwaji, an koya wa ma'aikata su bi alamomi: mace ta zo da fitar ruwa da ciwon mara, a ba ta magungunan kashe ƙwayoyin cutar da ake ɗauka ta jima'i. Tsari ne mai amfani, ya ceci mutane da yawa, amma waɗannan magunguna ba sa taɓa tsutsa. Sai ta sha, ba sauƙi, ta dawo, a sake rubuta mata, daga nan ta koma kemis, daga kemis ta koma wajen mai TikTok. Gwajin fitsari ma ba ya yanke hukunci, domin mace na iya samun tabban a bakin mahaifa alhali ba a ga ƙwai ko ɗaya a fitsarinta ba.

Samari ma ba su tsira ba. Ƙwayayen kan maƙale a hanyoyin maniyyi, saurayi ya ga jini a maniyyinsa ko ya ji zafi, ya tsorata, ya je ya sayi kafso a ɓoye.

Maganin kuwa sananne ne kuma mai araha: praziquantel, ana sha sau ɗaya, miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin mutum. Kamfanin Merck na Jamus yana ba da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, har ƙwaya miliyan 250 a shekara. Wataƙila ka taɓa ganin ana rabonsa a firamare, ana tsayar da yara jikin wani sanda mai layuka, tsawon yaro ya nuna ƙwaya nawa zai sha. Sai dai maganin tsutsa yake kashewa, ba ya goge tabon da ya riga ya yi tauri. Shi ya sa shan sa tun ana yara, a kuma maimaita, ya fi shan sa bayan an yi aure an fara neman haihuwa.

Matsalar rabo a makaranta kuma a fili take. Wanda yake aji ranar rabo shi ke samu. Mai talla fa? Wadda aka aurar tana 15? Almajiri? Ɗan masunta da ke kan kwalekwale tun asuba? Waɗanda suka fi kowa shiga ruwa su ne suka fi kowa nisa da sandan awo. A nan ne ake sa ran waya ta shigo.

Abin da waya ta taɓa yi, da abin da ta kasa

Koyar da lafiyar matasa ta waya ba sabon abu ba ne a Najeriya. Tun 2007 shirin Learning about Living ya buɗe layin da matashi zai tura tambaya ta saƙon tes a ba shi amsa ba tare da an san ko wane ne ba. A 2014 UNICEF ta kawo U-Report. An kuma gwada irin waɗannan hanyoyi da gwaji na gaskiya, wato a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu saƙon a bar wasu, sannan a kwatanta.

Gwaji biyu sun fi jan hankalina. Na farko a Accra aka yi shi, da 'yan matan sakandare, aka buga sakamakon a 2017. Wasu an riƙa tura musu bayani kawai, wasu kuma aka riƙa tura musu tambaya su amsa, in sun ci a ba su ɗan katin waya. Bayan wata uku, ilimin rukunin farko ya ƙaru da maki 11 cikin ɗari a kan waɗanda ba a tura wa ba, na rukuni na biyu kuwa da maki 24. Wato saƙon da ya nemi ka ba da amsa ya ninka wanda aka karanto maka. Na biyu shi ne wasan kwaikwayon MTV Shuga, wanda aka gwada da matasa kimanin 5,000 a kudu maso yammacin Najeriya. Waɗanda suka kalla sun kusan ninka sauran wajen zuwa gwajin HIV bayan wasu watanni. Labari ya sa mutum ya tashi ya tafi asibiti, abin da lacca ba kasafai take yi ba.

Amma kada a zuzuta. A Kenya an gwada wani tsarin saƙon tes kan tazarar haihuwa mai suna m4RH, ilimi ya ɗan ƙaru, ɗabi'a ba ta sauya ba. Kuma ka lura da su wa aka yi waɗancan gwaje-gwaje: 'yan makaranta, 'yan birni, masu karatun boko, akasari a kan HIV da ɗaukar ciki. Jigawa kuwa tana cikin jihohin da binciken ƙasa na 2018 ya nuna suna da ƙarancin HIV. Wannan ba ya nufin a daina maganarta, amma saƙon da aka rubuta don Legas, aka juya shi zuwa Hausa aka turo Guri, ya amsa tambayar da ba ita ce ta fi damun yarinyar Guri ba.

Sannan wace waya ake magana? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 55 cikin ɗari na mata ne ke da wayar kansu, maza kuwa kashi 81, kuma wannan lissafin ƙasa baki ɗaya ne, har da manyan birane. Ƙa'idar rajistar layi ta hukumar NCC ma ta ce sai mai shekara 18. Saboda haka wayar da ke hannun 'yar shekara 15, in akwai, ta yayanta ce, ko ta uwarta, ko ta mijinta, aro aka ba ta. Sau da yawa 'yar ƙarama ce mai madannai, da rediyo da tocila da wurin sa memori. Data tsada, caji sai an kai shago an biya. Manhajar da sai an sauke, an yi rajista, an karanta dogon rubutu, ba za ta taɓa isa gare ta ba. Duk wanda ya zo da irin wannan manhaja ya ce ta matasan karkara ce, a ganina bai taɓa tsayawa a shagon caji ya kalli abin da ke gudana ba.

Shagon cajin nan kuwa shi ne ainihin tashar. A nan ake tura fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a memori, daga nan su bazu ta Bluetooth da Xender, waya zuwa waya, ba data ko ta sisi. Saƙon murya na minti biyu da Hausar Haɗejiya, ko ɗan gajeren wasan barkwanci, zai bi wannan hanya ya kai inda ma'aikacin lafiya bai taɓa takawa ba. A haɗa da rediyo, irin su Sawaba FM da ke cikin garin, tunda ƙaramar wayar ma tana kamawa.

To a nan tsargiya take da wata fa'ida da sauran darussan lafiyar haihuwa ba su da ita: ba ta da abin kunya a asalinta. Ba a ɗaukar ta ta jima'i. Miji ba ya sa wa mata, mata ba ta sa wa miji. Saƙon da ya fara da "idan kina wanki a kogi" ana iya kunna shi a tsakar gida, uba na alwala, yaya na gyaran babur, ba wanda zai ce a kashe. Wayar aro tana buƙatar irin saƙon da in mai wayar ya tarar da shi ba zai tambayi dalili ba. Mun kuma san yadda batun koyar da ilimin jima'i yake da zafi a ƙasar nan, har a 2022 ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire shi daga manhajar ƙananan makarantu. Maganar tsutsa da katantanwa ba ta cikin wannan rigima, amma tana koya wa yarinya cewa tana da mafitsara da mahaifa da bakin mahaifa, cewa fitar ruwa yana da dalilai daban-daban, cewa jini bayan saduwa abin kaiwa asibiti ne. Wadda ta san wannan ta riga ta yi nisa.

Akwai ma wata ƙofa da ba a cika kula da ita ba. A Islamiyya, 'yan mata na karanta babin haila a Ahalari, suna koyon bambanta jinin al'ada da jinin istihala don sanin hukuncin salla da azumi. Wato tambayar "ina ganin jini ba lokacinsa ba" ana yin ta kullum, malama ake yi wa. Malama za ta ba da hukuncin ibada daidai. Da a ce a wayarta akwai saƙon da ya tuna mata ta ƙara da "ki kuma je asibiti, ki gaya musu kina shiga ruwa", da an kai ga 'yan matan da babu wani shiri da ya taɓa lissafa su.

Sai dai saƙon na da nasa haɗarin in aka yi shi da garaje. Ba kowane ƙaiƙayi ne tsargiya ba. Akwai cututtukan jima'i na gaske, akwai ƙaiƙayin da naman gwari ke kawowa, akwai kansar bakin mahaifa, wadda ita ma da jini bayan saduwa take fara sallama. Saƙon da ya sa kowa ya ɗora wa kogi laifi zai ba mai ciwon sanyi na gaske mafaka, ya kuma jinkirta mai kansa. Dole a faɗi abu biyun tare: yana iya zama tsargiya, yana iya zama wani abu, mutum ɗaya ma na iya samun duka biyun, kuma mai dubawa ne zai bambance.

Haka nan cewa "ku daina shiga ruwa" ɓata baki ne. Masunci zai daina su ne, ko mai dashen shinkafa ya tsaya a kan kunya? Gara a faɗi abin da zai yiwu. 'Ya'yan tsutsar ba sa wuce kwana biyu zuwa uku a ruwa in ba su sami mutum ba, don haka ruwan da aka ɗebo aka ajiye a randa ko jarka na kwana uku, ko aka tafasa, ya yi wanka da wankin jariri. Katantanwa ta fi sakin su da tsakar rana, lokacin da yara suka fi faɗawa ruwa saboda zafi, wanki da sassafe ya fi sauƙin haɗari ko da bai kawar da shi ba. Takalmin roba mai tsawo yana taimaka wa mai ban ruwa. Kada a yi fitsari a ruwa ko a bakinsa, wannan kuwa samari ya fi shafa. A kuma sha magani duk lokacin rabo, ko an sha bara, domin shan sa ba ya hana sake kamuwa.

Wayar ma'aikacin lafiya ma waya ce

Duk saƙon da ya ce "je ki asibiti" ya ɗauki alkawari a madadin wani. In yarinya ta yi ƙarfin hali ta je, ta ce tana zargin tsargiya, ma'aikacin ya yi dariya ya ce ai ciwon yara maza ne, ko ya yarda amma babu maganin a kanta domin a lokacin rabo kawai ake kawo shi, to an yi asarar ta, an kuma yi asarar ƙawayenta da za ta ba labari. Shi ya sa nake ganin rabin aikin a wayar ungozoma da ma'aikacin lafiya na karkara yake. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ɗan littafin hotuna da ke nuna yadda tabban suke a bakin mahaifa, kyauta ne, ana iya ajiye shi a waya. A jihar Ogun an gwada koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa tambayar tarihin shiga ruwa su kuma ba da maganin, a Zambiya kuma an gwada mata su ɗauki samfurin gwaji da kansu a gida. Ɗaliban kiwon lafiya na Jigawa, da masu bincike a jami'o'in Dutse da Kafin Hausa, babu abin da ya fi ƙarfinsu a nan. Tambaya ɗaya ce za a ƙara a kan waɗanda ake yi wa duk macen da ta zo da ciwon mara.

Ke kuma da kike karanta wannan, in kin taso a bakin ruwa kuma kin sha maganin sanyi sau biyu sau uku ba sauƙi, kada ki jira a tambaye ki. Ki gaya wa mai duba ki inda kika taso, da irin ruwan da kika yi wanka da wanki a ciki, ko da shekara goma ke nan rabonki da shi, ki kuma faɗa in kin taɓa fitsarin jini kina yarinya. In kina da ciki ki sanar. In an ba ki praziquantel, ki ci abinci sosai kafin ki sha, domin yakan sa jiri da murɗawar ciki na 'yan sa'o'i. In kuma jinin bai tsaya ba bayan wasu makonni, ki koma ki nemi a duba bakin mahaifa, ko da sai an tura ki Babban Asibitin Haɗejiya.